Marainiya, Gizo da mai ƙarfi: me tatsuniyoyinmu ke faɗa game da zalunci?

Ticha Rabi (Asawase):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga iyayenmu da masu nazarin adabi. Duk tatsuniyar da aka zalunci wani a cikinta, sai na ga an fara raba shi da mutane tukuna. Marainiya uwarta ta mutu. 'Yar bora an tura ta wankin ƙirgi a ruwan Bagaja, ba rakiya, ba guzuri. Yarinyar da Dodo ya kama, sai da ƙawayenta suka watse suka bar ta a bakin rafi. Ni ban taɓa jin wadda aka cuci mutum alhali danginsa na tsaye a kansa ba. Gani nake tsofaffin da suka ƙago labaran nan sun gano cewa ƙarfi kaɗai bai isa a ci mutum ba, sai an ware shi. Kaɗaicin nan ba ado ba ne a labarin, shi ne ƙofar da zaluncin ke shigowa. Me kuka gani?

Baba Alhaji (Sabon Zango):
Wa alaikumus salam 'yata. Kin taɓo babban abu, amma akwai wanda kika tsallake: uban yarinyar. Yadda kakarmu ta ba mu labarin 'yar bora, uban yana raye, yana cikin gidan, lafiyarsa ƙalau. A kan idonsa aka ɗora wa yarinya ƙirgi aka ce kada ta dawo sai ta wanke shi a ruwan da ba wanda ya san inda yake. Bai ce uffan ba. Tun daga farkon tatsuniyar har ƙurunƙus ba za ki ji muryarsa ba. To kin ga ba a daji kaɗaicin yarinyar ya fara ba. A tsakar gida ya fara, gida cike da mutane, ana daka, ana tuwo, kowa ya ga abin da ake yi mata ya kau da kai. Dajin ma ya fi gidan tausayi, don a can ne ta sami masu yi mata magana.

Kuma ki tuna wurin ƙwan da aka ba ta. An ce mata idan ta kama hanya ta riƙa tambaya, in fasa? Duk inda aka amsa mata, ta wuce. Sai ta kai inda ta yi tambaya ba wanda ya tanka, nan za ta fasa. Muna yara wannan wurin ne ke sa mu yi tsit. Arzikinta bai fito ba sai a inda babu kowa, don masu amsawar nan ba alheri ya sa suke amsawa ba, rabonsu suke jira.

Malam Sani (Aboabo):
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da Ticha ta hango yana cikin Alƙur'ani ma. A farkon Suratul Ƙasas Allah ya ba mu labarin Fir'auna, cewa ya ɗaukaka a ƙasa, ya mayar da mutanenta ƙungiya-ƙungiya, yana raunana wani ɓangare daga cikinsu. Rarrabawar ta zo kafin yankan jarirai. Annabi Yusuf kuma sai da 'yan'uwansa suka lallashi mahaifinsu ya sake shi, suka yi nisa da shi, sannan aka kai ga rijiya. Akwai kuma hadisin da ya kwaɗaitar da zama cikin jama'a, inda aka ce kerkeci wadda ta ware daga garke yake ci. Saboda haka tsofaffinmu ba su faɗi son ransu ba.

Usman (ɗalibi, Tech):
Ina neman afuwar iyayena, amma ni ina da ja. Na yarda tatsuniyoyin sun iya zana zalunci. Matsalata da su ita ce maganin da suke bayarwa. Wa ya ceci 'yar bora? Ƙwai. Wa ke ceton marainiya? Tsohuwar bakin rafi, ko kifi mai magana, ko ɗan sarki da ya ga kyanta. Ba ranar da maƙwabta suka taru suka ce wa mowa ya isa haka. Sakon da yaro ke ɗauka shi ne ka yi shiru, ka yi ladabi, wata rana abin mamaki zai faru. Wannan darasi mai ƙarfi ya fi kowa son a koya wa yara.

Ku dubi ta rabon nama. Zaki da kura da dila sun yi farauta. Aka ce kura ta raba, ta kasa uku, zaki ya kai mata mangari ya fasa mata kai. Aka ce dila ya raba, ya tattara duka ya tura gaban zaki. Zaki ya ce wa ya koya maka rabo mai kyau haka? Ya ce kan kura. Mu kuma muka tashi muna kiran dila malamin daji. A wannan labarin kura ce ta yi adalci, ita ce kuma ake yi wa dariya. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Malam Sani (Aboabo):
Ɗana Usman, wa ya ce maka yabon dila ake yi? Wanda ya ba da labarin nan a gaban jama'a ya tona asirin zaki ne ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Kowa a wurin ya san wane ne zakin garinsu. A zamanin da talaka ba ya iya buɗe baki a gaban hakimi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Usman (ɗalibi, Tech):
Na ji Malam. To amma bayan an tona, an watse, naman yana gaban wa?

Maman Hafsa (Kejetia):
Ni ban yi karatun adabi ba, amma ina zaune inda ake wannan tatsuniyar kullum da rana tsaka. Hausawa na cewa kashin dankali, kuma ni da hannuna nake kasa shi. Ƙananan su ne a ƙasa, su ke ɗauke da nauyin, su ke fara ruɓewa. Manyan na sama, su mai saye ke gani, saboda su ake biyan kuɗin. Wanda ya fara kwatanta zaman duniya da wannan, ya zauna a kasuwa.

Ga 'yan kayayo nan, yara masu dako da ke zuwa daga arewacin Ghana, Dagombawa da Mamprusawa da sauransu. Akwai wata da ke yi mini dako, ba ta wuce sa'ar Hafsa ba. Ranar nan wata mata ta ɗora mata buhun albasa da jarkar manja a daro, gammonta duk ya jiƙe da gumi, wuyanta na rawa, ta kai kayan har tashar mota. Da aka isa matar ta miƙa mata rabin abin da suka yi ciniki. Yarinya ta buɗe baki, ba ta jin Twi, yaren Asantawa, sosai, ba ta jin Hausa sosai, matar ta daka mata tsawa ta shige mota. Mutane sun fi a ƙirga a wurin, kowa na kallo. Ta dawo ta kifa daronta ta zauna a kai, ba ta yi kuka ba, sai murza gefen zanenta take yi. Da a ce 'yar wani ce a unguwar, da matar nan ba ta isa ba. Ta duba ta ga ba mai tsaya mata, shi ya sa. Don haka Ticha, maganarki haka take. Usman ma yana da gaskiya, don ƙwan bai zo ba, sai ni da maƙwabciyata muka cika mata kuɗin.

Ticha Rabi (Asawase):
Allah ya saka miki da alheri Yaya. Wannan zaman a kan daro ya taɓa ni.

Kawu Idi (Tafo):
Ku bari in shigo da Gizo, don ba a maganar mai ƙarfi da marar ƙarfi a bar shi. Usman ya ce ba a ba talaka makami ba sai haƙuri. An ba shi, wayo ne. Gizo ya je wurin giwa ya ce zai ja ta da igiya, ya je wurin dorina ya faɗi haka, ya ba kowa bakin igiya guda, ya koma gefe. Manyan daji biyu suka wuni suna jan juna, kowanne na mamakin ƙarfin ɗan wannan halitta. Abin da labarin ke cewa shi ne manya ba sa zama su yi magana da juna ko da na ƙasa, girman kai ya raba su, nan ne kafar da ƙarami ke bi.

Mu da ke Kumasi kuma mun yi sa'a, muna da Gizo biyu. Maƙwabtanmu Tonawa, wato Asantawa, suna da Kwaku Ananse, shi ma gizo-gizo ne, har sunansa suka sa wa tatsuniya gaba ɗaya, Anansesem. A nasu, Ananse ya sayi labaran duniya daga Nyame, Ubangijin sama a wurinsu, da farashin da manyan sarakuna suka kasa biya: mesa da damisa da rina, duk ya kamo su da dabara, ba da ƙarfi ba. Wani abin da da yawanmu ba su sani ba, Baturen nan Rattray da aka sa wa wurin shaƙatawa sunansa a garin nan, kafin ya tattara tatsuniyoyin Asante da aka buga a 1930, na Hausa ya fara fitarwa a 1913. Wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa su da ajami, a wannan ƙasa tamu. Kenan tatsuniyoyin da muke magana a kansu sun daɗe a zango, tare da fatake da goro suka yi ta kai da kawowa.

Ticha Rabi (Asawase):
Kawu, a nan ne zan saɓa maka da ladabi. Ni Gizo ba gwarzon talaka ba ne a wurina. Eh, yana yi wa giwa wayo. Amma wa ya fi cuta? Ƙoƙi da 'ya'yansa. Ana yunwa ya samo abinci ya ɓoye ya ci shi kaɗai, ya dawo gida yana nishi kamar bai ci komai ba. Hankaki suka tausaya masa, kowa ya ba shi gashi guda ya yi fiffike, suka kai shi ɓauren tsakiyar ruwa. Yana isa ya fara cewa wannan nawa ne, wancan ma ni na fara gani, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi a kan itace, ruwa ta ko'ina. Gizo marar ƙarfi ne da ya koyi halin masu ƙarfi. Da zarar ya sami wanda ya fi, sai ya zama zaki. Kuma ku lura inda yake ƙarewa kullum: shi kaɗai, a saƙon bango ko a kan rufin ɗaki. Ananse ma haka, ya tara hikimar duniya a tukunya zai kai ƙololuwar itace ya ɓoye, sai ɗansa ƙarami Ntikuma ne ya nuna masa ya mayar da tukunyar baya.

Kawu Idi (Tafo):
Ban musa ba 'yar'uwa. Amma yaron da aka taka a makaranta, ranar da ya ji Gizo ya kayar da giwa, barcinsa daban ne. Kada mu raina wannan.

Zainab (Asokore Mampong):
Salam iyayena. Maganar Anti Rabi ta ƙarshe ta kai ni ga ɗaya gefen. Ba wanda aka zalunta kaɗai ke cikin kaɗaici ba, azzalumin ma haka ake zana shi. Dodo ba shi da unguwa, ba shi da aboki, a kogo yake ko ƙarƙashin ruwa, matar ma sai ya sato. Zaki ba ya cin abinci da kowa. Wanda ya fi burge ni shi ne macijin rijiyar Kusugu a labarin Bayajida. Sunansa Sarki. Yana kwance shi kaɗai a ƙasan rijiya, ba ya shan ruwan ya ƙare, ba ya barin mutanen Daura su ɗiba sai ranar Juma'a. Gari guda na ƙishi saboda halitta ɗaya da ba ta amfana da komai sai tsoron da ake ji. Ban san hoton mulkin zalunci da ya kai wannan ba. Kuma wanda ya kashe shi baƙo ne da ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, wanda bai tashi cikin tsoron macijin ba.

Asantawa sun faɗi nasu a kan sandar kakakin sarki. Idan kuka je biki a Manhyia, fadar sarkin Asante, ku dubi kawunan sandunan, a cikin alamomin da aka sani akwai hannu riƙe da ƙwai. Mulki ne: ka matse ya fashe, ka sake ya faɗi. Abin sha'awa, a gaban sarkin ake ɗaga wannan sanda, yana kallo.

Usman (ɗalibi, Tech):
Zainab, labarin Kusugu ya ƙara mini hujja ne. Gari guda, maza da mata, shekara da shekaru, sun zauna jiran baƙo. Sannan ina tsoron wannan zance na kaɗaicin mai ƙarfi, kada ya kai mu ga tausaya masa. Kaɗaicin Dodo shi ya zaɓa. Na yarinyar Kejetia ɗora mata aka yi. Bai kamata a auna su a ma'auni ɗaya ba.

Zainab (Asokore Mampong):
Ba tausayi nake nema masa ba Yaya Usman. Cewa nake labarin na nuna wa mutane cewa abin da suke tsoro guda ɗaya ne tak, su kuwa suna da yawa. Wanda ya ji ya gane, ya gane.

Baba Alhaji (Sabon Zango):
Ku saurara yara, in ba ku wanda ba tatsuniya ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta nan Ghana ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar nan cikin mako biyu. Ina saurayi lokacin. Zango ya rikice. Mutanen da aka haifa a nan, iyayensu ma a nan aka binne su, aka wayi gari ana ce musu baƙi. Maƙwabcinmu tela ne, na ga ya fito da kekensa na ɗinki bakin titi yana neman mai saye ko nawa ne, matarsa na zaune a kan ƙullin kaya da jariri, tukwanen da ba za su ɗauku ba an jera su jikin bango. Waɗanda suka saye kayan nan da araha ba daga nesa suka zo ba. Wasu tare muke sallah. Kowa na tsoron kada a ce shi ma baƙo ne, sai ya ja jikinsa. Abin da ya ba dokar ƙarfi kenan.

Shekara 14 bayan haka, a 1983, gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana wajen miliyan guda suka kwaso kaya suka dawo. Wanda ya yi kallo jiya, yau shi ake kallo. Turawa ma da wannan dabara suka ci mu. Sun kama sarkin Asante Prempeh a 1896 suka raba shi da Asante, har tsibirin Seshel, bai dawo Kumasi ba sai 1924. Sarkin Kano Alu bayan 1903 a Lokoja ya ƙare. Ba su kashe su ba, cire su suka yi daga cikin mutanensu.

Malam Sani (Aboabo):
Allahu akbar. Baba ya tuna mini da Alhaji Umaru na Karachi, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934. Malamin malaman zango ne, kuma yana da waƙa a kan talauci da wadata. Abin da ya fi tsayawa a kai ba yunwar talaka ba ce, wulakancinsa ne: yadda ake gudunsa, yadda maganarsa ba ta da nauyi a taro ko da gaskiya ya faɗa, alhali mai dukiya kowa danginsa ne. Kenan malaminmu na nan ƙasar ya riga mu ganin cewa talauci da kaɗaici tare suke tafiya. Usman kuma, addini bai ce a jira ƙwai ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne ka hana shi.

Maman Hafsa (Kejetia):
Tunda an zo nan bari in faɗi wadda ba a so. Gidaje nawa ne a Aboabo da Asawase da ke da yarinyar da aka kawo daga ƙauye da sunan riƙo? Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida na tafiya makaranta tana tallan koko. In baƙo ya zo a ce ai 'yarmu ce. Da dare kuma uwar gidan ta tara yara tana ba su labarin muguwar kishiyar uwa, yarinyar na wanke-wanke a bakin famfo tana ji. Wallahi wannan yana damuna fiye da zancen sarakuna.

Kawu Idi (Tafo):
Gaskiya ce Hajiya, ba mai iya musa ta.

Ticha Rabi (Asawase):
To ga abin da nake tunani, ku ba ni shawara. Ina so in fara ba yaran ajina tatsuniyoyin nan, amma maganar Usman ta tsaya mini. Ina ganin zan sauya ta 'yar bora. Zan sa uban ya miƙe ya ce ba inda za ta, ko maƙwabta su shigo su karɓi ƙirgin. Yara su ji sau ɗaya cewa mutum ne ya yi ceto.

Usman (ɗalibi, Tech):
Ina bayan wannan ɗari bisa ɗari, Anti. Tatsuniya ba wahayi ba ce, kowace kaka da yadda take juya ta. Mu ma muna da haƙƙin juyawa.

Baba Alhaji (Sabon Zango):
A'a 'yata, ban goyi baya ba. In uban ya yi magana, labari ya mutu tun a zaure, yara kuma za su tafi gida hankali kwance cewa manya na gyara komai. A ajinki akwai yaran da ke zaune a irin gidan da Maman Hafsa ta faɗa, wasu 'ya'yan gida, wasu 'yan riƙo. Sun san uban ba ya magana, in kika ce ya yi ba za su yarda da ke ba. Ki ba su ita yadda take. In kin kai inda aka ɗora mata ƙirgin, ki dakata, ki tambaye su su wane ne ke tsakar gidan a lokacin, kowa ya lissafo. Sannan ki tambayi kowane yaro, in shi ne wan yarinyar ko maƙwabcinsu, me zai ce, kuma wa zai je ya kira. Ki bar su su yi gardama a kai kafin ki ci gaba. Wanda Usman ke so a rubuta, inda unguwa ta taru, shi ya zauna ya rubuta mana sabo da sunansa, zan fi kowa murna, in ya gama ya turo nan mu karanta.